Yaron Tasawa da Mayahi ya kamata ya ga ƙwayar halitta da idonsa

Kowace shekara, a kolej da lise na gundumomin Tasawa da Mayahi, akwai ranar da malamin SVT, wato darasin ilimin halittu da na ƙasa, zai ɗauki alli ya zana wani abu mai kusurwa huɗu a allo, ya yi ƴar da'ira a cikinsa, ya ja kibiyoyi, ya rubuta sunaye da Faransanci. Sai ya ce wa yara wannan ita ce ƙwayar halitta, kuma da irinta aka gina jikin duk wani mai rai, gero ne ko raƙumi ko shi kansa mushen. Yara su kwafa cikin kaye, su haddace, ranar jarrabawa su zuba a takarda. Abin da aka faɗa musu gaskiya ne, babu ƙari a ciki. Sai dai da yawa daga cikinsu za su ci BEPC, wasu har su kai ajin ƙarshe na lise, ba su taɓa kai ido bakin maikuroskof ba. Sun yarda ne saboda malam ya faɗa.

Ni a ganina wannan asara ce babba, kuma asara ce da za a iya tarewa ba tare da an jira ginin ɗakin gwaji mai famfo da kuran ba.

Dalilin da ya sa ake buƙatar na'urar a fili yake. Idon mutum lafiyayye ba ya iya rarrabe abin da ya gaza kashi ɗaya cikin goma na milimita. Masana suna auna ƙananan abubuwa da maikuromita, wato milimita ɗaya an raba ta gida 1000. Ƙwayar fatar albasa kan kai tsawon maikuromita 200 ko fiye. Ta cikin kumatun mutum wajen 50 zuwa 60 ce. Jar ƙwayar jini 7 zuwa 8. Bakteriya da yawa ba su wuce 1 ko 2 ba. Maikuroskof na haske, wanda mutane suka fi sani da madubin likita, yana cike wannan giɓi da gilasai biyu. Na ƙasa, wanda ke kusa da abin da ake dubawa, yakan ƙara girma sau 4, ko 10, ko 40, ko 100. Na sama, inda ake ɗora ido, yawanci sau 10 ne. Ana ninka su: 10 sau 40 ya ba da 400. Haske kuma daga ƙasa yake shigowa ya ratsa abin ya hau zuwa ido, shi ya sa dole abin ya zama siriri ƙwarai. Wanda ya ɗora yanki mai kauri baƙi ƙirin zai gani, ya ce na'urar ta lalace.

Waɗanda suka fara wannan aiki ba su da kayan da suka kai na makarantar yau. A 1665 Robert Hooke, a Ingila, ya yanka ɓawon wani itace siriri, ya ga ƴan ramuka jere, ya zana su a littafinsa. A garin Delft na ƙasar Holan kuwa, wani ɗan kasuwa mai sayar da yadi, Antonie van Leeuwenhoek, wanda bai yi jami'a ba, ya riƙa gyara ƴan ƙananan gilasai da hannunsa har ya samu masu ƙara girma fiye da sau 200. A 1674 ya duba ruwan wani tabki ya ga halittu suna yawo. Da ya rubuta wa ƙungiyar masana ta Landan labarin irin waɗannan halittu, ba su gaskata nan take ba. Sai da ya tara dattawan gari suka duba suka sa hannu a takardar shaida, sannan Hooke ya maimaita gwajin a 1677 ya nuna wa sauran masana, kafin maganar ta zauna. An ɗauki kimanin shekara 160 daga nan kafin Schleiden a 1838 da Schwann a 1839 su kai ga cewa tsirrai da dabbobi duka da ƙwayoyin halitta aka gina su.

Wannan labarin shaidu shi ne ainihin abin da nake so yaro ya koya. A kimiyya girman mai magana ba ya tabbatar da magana, sai wani ya duba ya ga abin da ka gani. Ɗalibin da aka ba zane kawai an ba shi sakamako, an hana shi hanyar da aka bi aka same shi. Gobe idan wani ya zo masa da magana a wayar salula kan magani ko kan rigakafi, da me zai auna? An saba masa da karɓa daga bakin wanda ya fi shi murya.

Abin daɗi kuwa shi ne kayan darasin farko suna nan a kowace kasuwa, ta Tasawa ce ko ta Kanambakashe ko ta Korgom. Albasar Galmi, mai ruwan shuni, wadda ake lodinta kan babban titin nan da ya ratsa Tasawa, tana cikin mafi kyawun abin da malamin halittu zai samu. A ɓare ta, a ɗauki gaɓa ɗaya mai tsoka, a karya. Ta ciki akwai tantani fari fes mai saurin saɓewa. A ɗora ɗan guntunsa kan gilashi, a ɗiga ruwa ɗigo ɗaya, a kwantar da ƙaramin gilashin rufi a hankali daga gefe guda don kada iska ta maƙale. Tun a ƙarin girma na 40 yaro zai ga ƙwayoyin a jere, kowace da bangonta, kamar tubalin katangar da ba a yi wa yaɓe ba. In aka ɗiga ɗan ruwan aidin, irin wanda ake shafa wa ciwo, cibiyar kowace ƙwaya ta fito sosai, ƴar dunƙule a gefe.

Tantanin waje, mai launin, ya fi na ciki daɗin aiki, don ba ya buƙatar rini ko kaɗan: launin yana cikin ruwan da ƙwayar ke ɗauke da shi. A nan ne ake yin gwajin da ba na jin akwai yaron da zai gan shi ya manta. A jiƙa gishiri da ɗan kauri, a ɗiga a gefen gilashin rufi, a sa guntun takarda a ɗaya gefen ta jawo ruwan ya ratsa. Cikin ƴan mintoci launin zai fara janyewa daga bango, ya tattare a tsakiya, ya bar fili. Ruwa ne ya fita daga ƙwayar ya bi gishiri. A sake ratsa ruwa mai daɗi, ƙwayar ta sha, ta koma ta cika. Yarinyar da ta ga wannan ta samu amsar tambayoyin da ke gabanta tun tana ƙarama: me ya sa albasa da tumatir ke tsatsafo da ruwa in an barbaɗa musu gishiri, me ya sa naman da aka sa wa gishiri aka shanya ba ya saurin ruɓewa, me ya sa shuka ke yaushi in taki ya yi mata yawa a gindi ko ƙasar fadama ta yi kanwa. A littafi wannan babi ne mai wuya da kalmomi masu nauyi. A ƙarƙashin gilashi aikin minti goma ne.

Daga albasa sai jikin mutum. Kowane ɗalibi ya ɗauki tsinke mai tsabta, nasa shi kaɗai, ya ɗan goga cikin kumatunsa ba tare da ya ji ciwo ba, ya shafa a gilashi, a ɗiga shuɗin rinin da ake kira metilen. Zai ga ƙwayoyinsa na kansa, faffaɗa, ba su da bango mai tauri irin na tsiro, kowace da cibiya. Ɗan sarki da ɗan talaka, mace da namiji, abu ɗaya za su gani.

Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma a wannan fage ganin ma koyonsa ake yi, kuma nan ne malamai da yawa ke karaya. Wanda ya fara leƙa maikuroskof yakan ga gashin idonsa, ko duhu, ko farin haske kawai. In ya ga wani zobe mai baƙin baki mai kauri sai ya yi murna ya ce ga ƙwaya, alhali kumfar iska ce. In ya tura gilashi dama, hoton ya tafi hagu. In ya yi garajen sauko da babban gilashi yana leƙe, ya fasa abin da ke ƙasa. Ƙa'idar kuwa ƴar kaɗan ce: a fara da ƙaramin ƙarin girma, a sauko da shi ana kallo ta gefe, sannan a kai ido a riƙa ɗagawa sannu a hankali har hoto ya fito. In na'urar mai madubi ce, a juya madubin ya kalli sararin sama ta taga ko farin bango. Kada a taɓa saita shi da ƙwayar rana, don hasken da gilasai suka tara yana iya ƙona ido.

Sannan a sa yaro ya zana abin da ya gani, ko da bai yi kyau ba. Wannan ya fi komai wuya. Yawancinsu za su leƙa sau ɗaya, su koma su zana hoton littafi daga ka, da duk ƴan kayan cikin da ba su gani ba. Ya kamata malam ya gaya musu gaskiya tun farko: akwai abubuwan da ke cikin zanen littafi waɗanda wannan na'ura ba za ta taɓa nunawa ba. Tun 1873 Ernst Abbe na Jamus ya bayyana cewa haske da kansa yana da iyaka, ba ya rarrabe abin da ya gaza wajen maikuromita 0.2, komai kyan gilashi. Ƙananan sassan cikin ƙwaya, da ƙwayoyin cutar ƙyanda da shan inna, sai da aka ƙera maikuroskof na lantarki a Jamus daga 1931 sannan hanyar ganinsu ta buɗe. Saboda haka ne ma duk wanda zai sayo wa makaranta na'ura ya yi hattara da ƴan na roba da ake rubuta wa ƙarin girma na dubbai a kwali. Abin da ya wuce 1000 girman banza ne, hoto ya ƙaru amma ba a ga sabon abu ba. Na ƙarfe mai kaiwa 400 da gilasai masu kyau ya ishi kolej.

Lokacin buɗe makarantu ya dace da wani abu da littattafan da aka rubuta a Turai ba su san da shi ba. A watan Oktoba tabkunan Tasawa da kududdufan da damina ta bari a kwarin Gulbin Kaba suna da sauran ruwa. Kwalba ɗaya ta wannan ruwa, da ɗan gansakuka a ciki, ta ishi aji mako guda. Akwai halittu masu ƙwaya ɗaya tak da ke ninƙaya da ƴan gasu, akwai zaren gansakuka mai kore a jere, akwai tsutsar sauro da ake ganin hanjinta yana motsi. Akwai kuma wani ɗan ƙwaron ruwa mai ido ɗaya, bai wuce milimita ɗaya ko biyu ba. Irinsa ne ke haɗiye ƴaƴan kurkunu, mutum ya sha shi cikin ruwa, bayan kimanin shekara tsutsa ta fito masa a ƙafa daidai lokacin noma. Kakannin waɗannan yara sun san wannan azaba. An kawar da ita da rijiyoyi masu kyau da kuma tace ruwa da ƙyalle, har a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijar ta rabu da kurkunu. A sa yara su duba ruwan kafin tacewa da bayan tacewa, su ga abin da ƙyalle ya tare, su kuma ga ƙananan da suka wuce ta cikinsa. Daga nan za su gane da kansu me ya sa tacewa ta isa ga kurkunu amma ba ta isa ga gudawa da kwalara ba. Malam ne dai ya kamata ya ɗebo ruwan, daga bakin gaɓa, ba tare da ya tura yara sun shiga ba, kuma kowa ya wanke hannu da sabulu.

Dalilin hana shigar shi ma darasi ne. Tsargiya, wadda a wasu ƙauyuka har ake ɗaukar jinin fitsarinta a matsayin alamar yaro ya fara girma, tsutsa ce ke kawo ta, wadda Theodor Bilharz ya gano a Alƙahira a 1851. Tana rayuwa cikin katantanwar tabki, ta fito ta huda fatar mai wanka. Ƙwanta, mai ƙaya a gindi, ya wuce maikuromita 100, ana ganinsa sarai a ƙarin girma na 100. Zazzaɓin cizon sauro kuwa, wanda ke cika asibitocin yankin Maraɗi daga Agusta zuwa Oktoba, wasu har yau suna ɗora shi kan cin tumu ko dukan ruwan sama, kuma ba abin raini ba ne, don lokacinsu ɗaya. A nahiyar Afirka aka fara ganin ƙwayarsa: a 1880, a asibitin soja na Kusantina cikin Aljeriya, likita Alphonse Laveran ya gan ta tana motsi cikin jinin wani soja. Shi ma an yi shekaru ana musun abin da ya gani.

A nan ina da ja da masu zumuɗi. Aji ba asibiti ba ne. Kada malam ya sa yara su soki yatsa don a ga jini, ciwon hanta da wasu cututtuka ta jini suke bi. Kada kuma a kawo fitsari ko majina aji. Ganin ƙwayar zazzaɓi da kyau yana buƙatar gilashin nan mai 100 da ɗigon mai da rinin Giemsa da ido mai horo. Abin da ya dace shi ne a nemi gilasan da aka riga aka rina aka rufe, ko a roƙi mai awon jini na asibitin gunduma ya ba ɗaliban lise sa'a guda su ga aikinsa. Ɗalibin da ya ga jar ƙwayar jini ta lanƙwashe a gilashin mai amosanin jini zai fahimci maganar awo kafin aure fiye da wanda aka yi wa huɗuba. Kuma ba mamaki a cikin ajin nan akwai wadda daga ranar za ta sa wa ranta zuwa sashen kiwon lafiya na Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi.

Gona ma tana nan. Irin ƙuduji, wanda ke shanye gero tun yana ƙarƙashin ƙasa, ƙura-ƙura ne a tafin hannu, kuma tsiro ɗaya yana zubar da dubun dubatarsa. Wanda ya gan shi a gilashi ya san dalilin cire ƙuduji kafin ya yi fure. Ƴan ƙulluttan saiwar wake da gyaɗa, in an murtsuke su, cike suke da bakteriyar da ke ɗauko sinadarin taki daga iska, abin da ya sa manoman Mayahi ke haɗa gero da wake tun kafin a yi musu bayani.

To me ke hanawa? Kuɗi yana ciki, ba za a musa ba. Makarantun karkara da dama azuzuwan zana gare su, teburi ma bai isa ba. Amma ba kuɗi kaɗai ba ne. Akwai inda na'urar take, wata ƙungiya ta kawo, tana kulle a kabad ɗin darekta cikin ledarta, ana tsoron ta lalace a tambayi wani. Akwai malamin da shi kansa a allo ya koyi ƙwayar halitta, yana jin nauyin ya kasa saita hoto a gaban yara. Akwai yawan ɗalibai: in su 60 ne na'ura ɗaya, kowa minti ɗaya, sa'a ta tafi. Akwai ƙurar hunturu da ke shiga ko'ina, a goge gilashi da bakin riga yashi ya karce shi har abada, da danshin damina da ke sa funfuna ta tsiro a ciki. Sama da duka akwai jarrabawa, wadda a takarda ake yin ta, don haka malami mai tseren gama manhaja yana ganin ranar gwaji ɓata lokaci ce.

Mutumin da ya fi cancanta a tuna a wannan magana a Tasawa aka haife shi, a 1929: Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, masanin kimiyyar fizik wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa tun 1992. A littafinsa kan ilimi a Afirka, wanda ya fito a 1964, ya soki makarantar da mulkin mallaka ya bari saboda ta raba yaro da muhallinsa da harshensa, ya kuma nemi a koyar da harsunan gida, a haɗa karatu da aikin hannu. Bai tsaya ga rubutu ba. Shekaru da dama yana shugabantar ofishin binciken makamashin rana na ƙasa, yana ƙera na'urorin dafa ruwa da na girki da hasken rana, wanda Nijar take da shi a wadace. Hasken nan da ya yi wa aiki shi ne abin da maikuroskof mai madubi ke buƙata, ba ya neman waya ko batir. Maganar harshe kuwa, yanzu da dokar ƙasa ta 2025 ta ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, babu dalilin da zai sa malami ya ji kunyar barin yaro ya fara faɗin abin da ya gani da Hausa, sannan a ba shi sunan Faransancin da jarrabawa ke nema. Yaron da ya ce launin ya gudu daga bango ya tattare a tsakiya ya riga ya fahimci darasin, saura suna.

Akwai hanyoyi masu sauƙi na rage cunkoso. A 2014 Manu Prakash da Jim Cybulski na Jami'ar Stanford a Amurka sun fito da Foldscope, maikuroskof na takarda da ake naɗewa, mai ɗan gilashi guda, mai ƙara girma wajen sau 140, wanda kayan haɗa shi ba su kai dala ɗaya ta Amurka ba. Yana nuna ƙwayar albasa da halittun tabki, kuma in ya lalace ba a yi babbar asara ba. Ba ya maye gurbin na ƙarfe, amma guda goma a hannun yara suna jiran layi sun fi zaman banza. Wayar salular malam ma, in an ɗora kyamararta a bakin gilashin sama, tana ba mutum biyar damar gani tare, a nuna musu wannan kumfa ce, wannan cibiya ce. Sai dai kada hoton waya ya zama sabon allo. Dole kowane yaro ya kama abin murɗawa da hannunsa ya nemo hoton da kansa, ko sau ɗaya ne a shekara.

Inda makarantu suke kusa da juna, akwati ɗaya mai na'ura huɗu ko biyar, da gilasai da rini da takardar goge gilashi, zai iya zagaya kolej uku ko huɗu, kowace ta riƙe shi mako biyu, da littafin da ake sa hannu wajen karɓa da mayarwa. Kwamitin iyaye da malamai ya amince tun farko cewa gilashin da ya fashe wajen aiki ba laifi ba ne, a sa kuɗin maye gurbinsa cikin kasafin shekara, don tsoron biya shi ne ke rufe kabad. Malaman SVT na gunduma, a taron da suke yi na fanni, su ware yini guda kafin buɗe makarantu, kowa ya saɓe albasa ya saita hoto da hannunsa a gaban ƴan uwansa, mai awon jini na asibiti yana gyara musu. Jarrabawar ƙasa ba a hannun malamin kolej take ba, amma makin cikin aji nasa ne. Zai iya cewa daga bana maki biyar cikin ashirin na wannan babi na wanda ya shirya gilashi ne, ya nemo hoto, ya zana abin da ke ciki, ya rubuta ƙarin girman a ƙasan zanen. In za a yi, a tsara zagayen akwatin ya fara da makarantun da tabkinsu ke saurin ƙafewa, a gama darasin ruwa kafin ƙarshen Nuwamba, a bar albasa da kumatu zuwa hunturu tunda su ba sa yankewa.